Yarinyar da ke Amsa Gaisuwar Baya

Har gobe ban manta da safiyar da hedimasta ya kira ni ofis a kan maganar Hassatu ba. Lokacin ina riƙe da aji ɗaya a wata firamare da ke gefen Talata Mafara, shekarun da ake aikin dam na Bakolori. Tifofi na wucewa ta bayan ajinmu tun safe har azahar, malami na ɗaga murya kamar mai gwanjo.

Hassatu 'yar Malam Ummaru ce, manomin Maradun da aikin dam ya raba da gonarsa, ya dawo Mafara yana leburanci. Shekarunta bakwai. Ka ce mata ta ɗauko alli, sai ta tsaya tana kallon bakinka. Uban ya ɗauka taurin kai ne, kullum duka. Hedimasta kuwa ya yanke cewa kurma ce. A tsarin da muke bi, malamin aji da hedimasta za su sa hannu, sufeton makarantu ya amince, sannan a kai yaro makarantar kurame ta kwana, nesa da gida. Uwarta ta riga ta aiko ana roƙo kada a raba ta da ɗiyarta.

"Malam Sani, sa hannu mu huta," in ji hedimasta.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ɗan ɗaga mini ƙafa. Na ga yarinyar nan ta waiwaya da akuya ta yi kuka a bayan aji, kurma kuwa ba ruwansa da akuya."

Ya yi dariya ya ba ni mako guda.

Washegari na tare ta a bakin aji, na yi mata cikakkiyar gaisuwa irin ta manya.

"Hassatu, an kwana lahiya?"

Shiru.

"Ina gajiya?"

"Lahiya lau."

"Ina labari?"

"Ba gajiya."

Yara suka fashe da dariya. Ni kuwa sai na lura duk amsoshin daidai suke, baya kawai take biyo ni. Na kama bakina ban ƙara tambaya ba. Can sai ta ce, a hankali, "Sai alheri."

Na kai wa hedimasta labari, ya ba mu takarda zuwa asibitin gari. Malamin asibiti ya leƙa kunnuwanta, ba mugunya, ba dauɗa, sai ya tura mu wurin likitan kunne a Sakkwato. Da ƙyar na shawo kan Malam Ummaru ya bar aikin yini guda muka tafi tare.

Likitan ya shigar da ita ɗaki marar hayaniya, ya sa mata na'ura a kunne, ya ce ta ɗaga hannu duk sanda ta ji ƙara. Ko guda ba ta wuce ta ba. Daga nan ya kunna rediyo yana faɗa mata kalmomi ta maimaita, nan take ta rikice. Ya ce kunnenta ƙalau yake, magana ce ke jinkiri kafin ƙwaƙwalwa ta tantance ta, hayaniya kuma na ƙara dagula abin.

Malam Ummaru ya ce, "Likita, mi za mu saye na magani?"

Likita ya ce ba allura ba ƙwaya. A zaunar da ita gaban aji, a dube ta in za a yi mata magana, a faɗi abu ɗaya, sannan a jira. Wallahi ji na yi kamar an sauke mini buhun gero daga kai. Haka muka yi kuwa. Hedimasta da kansa ya mayar da ajina ɗakin da ya fi nisa da titi, takardar makarantar kurame ta tafi kwandon shara, Hassatu ta gama firamare tana kwana ɗakin uwarta.

Amma hanyar dawowarmu daga Sakkwato ta fi tsaya mini a rai. Muna cikin mota, yarinyar na barci a cinyar Malam Ummaru. Sai da muka kawo mararrabar Bakura ya goge ido da bakin rigarsa ya ce, "Malam, ashe duk bugun da nika yi mata, ɗiyag ga tana bisa hanyar amsa mani. Ban dai jira ta ba."

 Ku sababbin malamai da kuke shiga aji yanzu, an koya muku yadda ake yin tambaya, mu ma an koya mana. Ku ƙara da jira. Kafin ku sa hannu cewa ɗan wani ba ya ji, ku rufe bakinku tukuna, ku ba shi lokaci ya iso.