Hamidu Mai Hoda Biyu

A Jiratawa babu wanda bai san Hamidu ba, ko da ba ya so. Manomin tumatir ne kamar kowa, har shekarar da wani furoje, wato shirin tallafa wa manoma, ya kwashe su zuwa Maraɗi aka ba su horo na kwana uku a kan zuba tumatir a kwalba. Ya dawo da takardar shaida, da biro a aljihun gaba, da hoda iri biyu, duk farare. Lokacin kowa ya samu bakin magana, jam'iyyu sun fi rumfunan kasuwa yawa, shi kuwa Hamidu jam'iyyarsa hodar nan ce.

Ni maƙwabcinsa ne, na sha karatun har na gaji. Ta farko sunanta sitirik, aikinta tsami. Ta biyu benzuwat, ita ce mai hana lalacewa. Daga nan sai ya jera na gargajiya yana yanke musu hukunci: lemun tsami ba shi da awo, tsamiya tana ɓata launi, gishiri aikin masu kilishi ne. Wadda ta fi shan zagi ita ce kauɗa, wato tumatir da mata ke yankawa su shanya a rana. Matarsa Tsahara ta shekara ashirin tana yin ta, rana ɗaya ya hana.

"Gidan mai takarda ba a shanya abinci ƙasa kamar na awaki," in ji shi.

Shekara biyu abin ya yi kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Sai aka karya darajar sefa a farkon 1994, hoda ta ninka kuɗi, kuma a shekarar ne ya yi niyyar zuba gonar gaba ɗaya a kwalba. Kuɗin da ke hannunsa na hoda ɗaya ne. Ya zauna ya yi tunani irin na masu biro: tumatir ai da tsaminsa ya zo, me zai sa a sayi tsami? Ya sayi benzuwat kaɗai. Malaman horon sun faɗa cewa ba ta aiki sosai sai tsamin ya isa, amma ina jin a lokacin yana layin karɓar abinci.

Kwalba ɗari huɗu ya jera a ɗakin soro. Tumatir ɗin da suka fashe ko suka yi tabo ya ce Tsahara ta zuba wa awaki.

Zafin Afrilu na shigowa kwalabe suka fara kumfa. Ranar da wani ɗan kasuwa ya zo daga unguwar Zariya ta Maraɗi da mota don ya kwashe kayan, marufai suka shiga tashi ɗaya bayan ɗaya, har rufin ɗaki ya yi ja. Mutumin ya goge babbar rigarsa, ya shiga mota bai ko yi sallama ba. Na yi dariya, amma da na ga Hamidu tsugune cikin noman shekara guda yana tsintar marufai, wallahi tausayinsa ya kama ni.

Da azahar Tsahara ta kawo mana tuwo, miyar ja wur. Hamidu ya kai loma uku kafin ya tsaya.

"Tsahara, ina kika samu tumatir?"

"Kauɗa ce, Malam. Buhu biyu gare ni gidan Inna."

"Wane tumatir kika shanya?"

"Wanda ka ce a ba awaki," ta ce, tana ɗaukar kwanon wanke hannu. "Ci a hankali, shi za mu ci har kaka."