Gwangwani Biyu da Rabi na Gero

Madalla da mutanen Zuru, babu kamar mu wajen dubiya. Ranar da kika dawo daga asibiti da nono ɗaya, Maman Mika, sai da tabarmi suka ƙare a gidanki. Kowa da kwanon kunu, kowa da addu'a. Na zauna a gefe ina kallo: cikin mata goma sha ɗaya, biyu ne suka dubi fuskarki. Sauran ƙirjinki suka zo gaisarwa.

Su ne dai suka cika coci ranar jana'izarki. Gladys, wato Maman Mika, matar Sajan Haggai mai ritaya, ta rasu ranar Talata, 12 ga Yuni, 2007, da hantsi. Shekara goma sha tara rumfarta na jingine da tawa a kasuwa, ita da manja da daddawa, ni Asama'u da gwanjon rigunan mama.

Alherinki ba ya buƙatar bakina. Duk azumi bayan buhuna kike ɓuya ki sha ruwa don kada in gani, alhali ina jin ƙarar maƙogwaronki. Duk Kirsimeti sai kin aiko da zakara mijina Lukuman ya yanka, don mu ci ba tare da tambaya ba. Wannan kowa ya sani. Abin da ba a faɗa a coci ba shi zan rubuta, don ni kaɗai ke riƙe da shi.

A 2004, bayan an cire nonon hagu saboda ciwon daji, kin zo rumfa da wata takarda mai zane. Kika ce likitan babban asibiti ya nuna miki yadda ake sake gina nono. Ko a sa jakar roba mai ruwan gishiri a ƙarƙashin fata, ko a ɗebo nama da fata daga ciki, ko daga baya, a haɗa a ƙirji. In ba ki son ko ɗaya, ki bar wurin haka. Ya rubuta miki rana a kati, ya ce ko kin zaɓa ko ba ki zaɓa ba, ki koma su duba tabon.

Na ciki kike so. Kika dafa tumbinki kina dariya, kika ce, "Asama'u, wannan da yara biyar suka bar mini, yau ya samu aiki."

Ni kuwa na buɗe bakin da nake sayar da tsohon kaya da sunan sabo. Na ce, "Yanka ɗaya bai ishe ki ba, sai sun yi miki faci kamar buhun masara? Kawo nan. Babu macen da ba na sanin lambar rigar mamanta a garin nan tun daga bakin layi."

Mun fara da cusa audugar rimi a rigar mama. Ba ta da nauyi. Kina ɗaga hannu a waƙar zumuntar mata ta haura kafaɗa, kika dawo kina zagina. Tsumma ya yi ƙulli. Sai na tuna gero. Na ɗinka jaka da farin yadi, na auna na damanki a tafin hannuna, na zuba gwangwanin madara biyu da rabi. Ya zauna daram. Yana motsi in kin yi tafiya, yana ɗaukar ɗumin jiki. Duk kaka nakan sake masa sabon gero don kada ƙwari su shiga. Matan da suka zo gaida ƙirjinki suka fara raɗa wai an mayar miki da shi a birni. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi.

Sau ɗaya kika tambaye ni. Kin buɗe littafin waƙoƙinki, katin ya faɗo, ranar ta wuce da wata biyu. Kika ce, "In koma ne?"

Na ce, "Ki koma ki yi me? Dubi yadda kike."

Kika mayar da katin tsakanin shafuka.

Ciwon ya dawo a jikin tabon, daidai ƙarƙashin ɗinkina. Da Sajan ya mayar da ke asibiti bara, aka ce ya kai huhu. Na tare wata nas a baranda na tambaye ta ko da kin zo a kan rana da kin rayu. Ta ce wannan sai Allah. Sannan ta ƙara da cewa, "Amma da mun so mu gan ta."

Bayan an rufe ki, 'yarki Jessica ta zo gidana da ƙunshi a ɗankwali. Ta ce, "Inna, Mama ta ce a mayar miki da kayanki." Ban iya buɗewa a gabanta ba. Na ɗora a kan katanga bayan madafi, iska ta jefo shi ƙasa, aka kwana uku ana ruwa.

Geron ya tsiro, Maman Mika. Ta tsakanin ɗinkin ya fito, kore shar, a zagaye, daidai girman da na auna. Na kifa masa kwando saboda awaki. Kullum da safe kafin in tafi kasuwa sai na ɗaga kwandon na tsaya a kansa, kuma jiya na ji bakina ya ce "ina kwana." Ashe ni ma na koma cikin masu gaida ƙirjinki.

Sajan Haggai, Mika, Jessica da ƙannenku, ina yi muku gaisuwa. Allah ya ba ku haƙuri, ya sanyaya mata makwanci, ya yi mata sakayya da alherinta. Ni kuma ya yafe mini abin da na sani, in ita ta yafe.

Gero ba ya daɗewa, kafin ƙarshen damina zai yi zangarniya. Ku da kuka iya dubiya, in na sussuke shi, gidan wa zan fara kai wa kunun?