Ɓawon Lemun Baba Idi

Talata: Zariya zuwa Jidda

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na bar Tudun Wada. Muka yi sallah a Kwanar Dangora, bakwai da kwata ina filin jirgin Kano. Mun ɗaga ƙarfe sha ɗaya, muka sauka Jidda biyar da rabi agogonsu. Mai tasi, ɗan Hausawan Sudan, ya kai ni unguwar Mahjar a riyal tamanin, gidan Goggo Hauwa, ƙanwar mahaifina, wadda ta shekara arba'in a can. Ban gama cin shinkafa ba ta ce, "Gobe Abhur za ka raka ni, ɗan nan. Sai ka yi barci da wuri."

Laraba: Abhur

Tafiyar kilomita arba'in da biyar ce, kusan awa guda. A can ne marigayi Baba Idi, mijinta, ya yi aikin lambu a wani gida, ya dasa bishiyar kumkwat, wani lemu da bai fi dabino girma ba. Baturen da ya taɓa haya a gidan a giya yake jiƙa shi. Baba Idi ya ce a'uzubillahi, ya koma dafa nasa da sukari da kanumfari, a sirka da ruwan sanyi a sha. Yanzu an sayar da gidan, rushe shi za a yi. Wannan ne ɗiban ƙarshe.

Mai gadi ya ce, "Yalla ya Hajja, awa ɗaya kawai." Muka cika ƙaramin bokiti. Goggo ta dafa bishiyar ta daɗe, ni kuwa na kau da kai don tausayi.

Alhamis: Mahjar

Da azahar Goggo ta kishingiɗa. Ni da na yi shekara shida ina sayar da lemu a tasha, na ce yau za ta ga gwani. Na zauna da wuƙa na fere su tas, ɗaya bayan ɗaya, na kai ɓawon babbar bolar unguwa.

Ta fito ta leƙa kwano. "Ina ɓawon?"

"Na zubar, Goggo."

"Ya waladi, ɗan nan! Ai zaƙin a ɓawon yake, cikin tsami ne zalla!"

Na fita a guje ba takalmi. Motar shara ta riga ni. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, gwanin ruwa shi ruwa kan ci.

Goggo ta dafa abin da ya rage, ya huce, ta sirka ta kurɓa. Fuskarta ta yamutse, sai dariya, sai hawaye.

"Haka Baban naka ya yi a shekarar farko. Ya fere su duka, ya kawo mini yana taƙama. Shekara talatin yana gyara hannu, na manta wannan tsamin. Halas, shi ke nan, zuba mini wani."

Litinin: gida

Bayan na yi Umra, jirgi ya sauke mu Kano ƙarfe uku, magariba ina Zariya lafiya lau, alhamdu lillahi. Na gode wa Allah, na gode wa Goggo. Kafin in taso na roƙi kwalba ɗaya ta lemun in yi tsaraba, ta hana ni. Ta ce wannan nata ne, cokali-cokali za ta sha.