Murjanin da Ke Cin Abinci

Da muna yara, murjani abin wuya ne. Jajayen duwatsu ne da tsofaffi ke ɗaurewa a tsumma, sai ranar biki a fito da su. Yanzu kuwa ga shi a falona a Maƙarfi, cikin akwatin gilashi mai ruwan gishiri, da bakinsa, yana jiran a ba shi abinci.

Na yi yawon fatauci iya gwargwado. Na ga irinsa a gaɓar tekun Sudan, na gan shi a Jidda, a Mambasa ma na taka shi har ya yanke ni a ƙafa. Na san sunansa da Larabci da Sawahilanci, amma ko'ina a dutse na ɗauke shi, ba kuma wanda ya gyara mini.

Autanmu ne ya shigo da shi gidan, iri-iri, bayan ya dawo daga karatu a waje. Ya haɗa masa sola da shuɗiyar fitila da famfo mai kaɗa ruwa. Da aiki ya kira shi Abuja, sai ya bar mana amana.

"Baba, sau biyu a mako kawai. Ka kashe famfo, ka zuƙo wannan ɗan jatan landen da sirinji, ka ɗiga wa kowanne a baki."

Na ce, "Tsaya tukuna. Dabba ce ko shuka?"

"Dabba ce. Amma a jikinta akwai shuka da ke yi mata noma da hasken fitila."

"To dutsen fa?"

"Ƙashinta ne."

Na gyaɗa kai don kada ya makara a tasha, ba don na gane ba.

Ranar farko na yi yadda ya ce. Wani kore mai kama da kan kabeji ya buɗe, ya miƙo 'yan yatsu, ya naɗe abincin a hankali ya kai tsakiyarsa. Hajiya, uwargidana, tana tsaye a bayana, sai ta saki salati.

"Alhaji, wannan ai mai rai ne! Sai yaushe kuma za a sake ba shi?"

Na faɗa mata.

"Sau biyu a mako? A gidan nan da ko kazar maƙwabta ba ta fita da yunwa? Ka tsare halitta a kwalba, ba ta da ƙafar zuwa kiwo, ranar gobe ka ce wa Allah me?"

Na ce ai yaron ya ce tana cin haske.

"Kai ka taɓa ƙoshi da haske?"

In dabba ce, hakkinta na wuyanmu, Hajiya ta fi ni gaskiya. In shuka ce, na san taki in ya yi yawa ƙona masara yake yi. Ga shi an ce duka biyun ce. Na bar ta ta yi yadda ta ga dama. Kullum da safe, bayan ta watsa wa kaji tsaba, sai ta barbaɗa wa akwatin dakakken busasshen kifi, tana cewa, "Ku ci, bayin Allah, ba ruwanku da rowar 'yan boko."

Sannu a hankali ruwan ya dishe, gansakuka ta kama gilashin, falo ya soma ƙarni. Koren nan ya daina buɗewa. Hajiya ta ce rama ce, ta ƙara masa. Wata safiya muka tarar namansa ya saɓule, sai farin dutse mai ramuka, irin wanda ya yanke ni a Mambasa sak.

Na kira Auta ta bidiyo, na juya masa wayar ya gani.

"Baba, ba yunwa ba ce. Abincin da ya rage ne ya ruɓe ya ɓata ruwan."

Hajiya ta karɓe wayar. "Kai, Auta, ƙoshi ke kisa a wurinsu?"

"Haka ne, Inna. Ku canza ruwan kaɗan-kaɗan, sauran za su tashi."

Ta ajiye wayar ta shiga ɗaki, ta fito da murjanin da ta gada wurin mahaifiyarta. Ta jera shi kusa da farin dutsen a kan faranti, ta dubi wannan, ta dubi wancan.

"Wannan ma da bakinsa a da?"

Na ce danginsu ɗaya, haka yaron ya taɓa faɗa mini. Iyakar abin da na sani ke nan.

Sauran sun tashi. Har yau ban san a layin da zan sa su ba, na dabbobi ko na tsirrai. Hajiya ce ke riƙe da sirinjin yanzu, sau biyu a mako, tana ɗiga musu tana neman gafararsu. Murjanin gadonta kuwa bai sake hawa wuyanta ba.