Kwaɗon da Ya Je Birni

Lokacin ina firamare, da an idar da sallar isha'i a gidanmu na Kademi, sai mu jikoki mu kewaye murhun kakarmu Iya. Tana gasa mana gyaɗa a toka, tana zuba tatsuniya. Haka muke cikin daɗinmu har hutun da aka turo mana Yaya Nazifi, ɗan kawunmu, daga Kano.

Zango ɗaya ya yi a sakandare, amma tafiyarsa sai ka rantse shi ya haifi Turanci. Ya kafa doka: ba mai hawa tabarmar Iya sai ya bambance masa "borrow" da "lend", ko "rise" da "raise". Ni da canki-canki nake tsira. Ƙanwata Hafsatu kuwa kullum sai ta faɗi, ya kora ta bakin rumbu, ta zauna tana leƙenmu da hawaye.

Ran nan Iya ta dube ta, ta tura itace cikin wuta, ta ce ga wata nan ta zo, mu tare ta. Wai wani kwaɗo ne ya je birni, ya dawo tafki ciki a kumbure, yana gyara wa 'yan uwansa kuka. Wata rana ƙaramin cikinsu ya hango shamuwa, ya ƙwalla kukan gargaɗi. Kowa ya nutse, gwanin ya tsaya yana cewa ai ba haka ake fitar da shi ba. Ƙurunƙus, shamuwa ta samu kalaci.

Nazifi ya fi kowa dariya, har yana cewa kwaɗon nan baƙauye ne.

Iya ta ce, "To maigidana, ni ma ga dokata. Mai son zama a tabarmata, ya yi mini kukan kwaɗo."

Muka ɓarke da kukan kwaɗi, har karnukan Gafasa, ƙauyen da ke kusa da mu, sai da suka amsa. Hafsatu ta rangaɗo nata daga bakin rumbu. Nazifi ya buɗe baki, ya tuna girmansa, ya rufe. Ya miƙe wai sauro ya dame shi. Iya ta yafito Hafsatu ta zauna a gurbinsa, ta tura mata gyaɗarsa.

Yanzu na san kalmomin nan sarai, kuma Hafsatu ce ta koya mini, ba ta taɓa korata ko'ina ba. Na gane ilimin da ake tare ƙofa da shi kumburi ne kawai. Nazifi kuwa har yau in damina ta sauka, kwaɗi suka fara, sai mu ce masa ɗalibansa na jira.