Kazar Baba Nomau

Cikin shekarun da na yi ina malamin gona a ƙasar Isa, akwai ranar da ba ta taɓa fita raina ba, wato ranar da na buɗe kwamfuta gaban Baba Nomau na Kamarawa ina jiran yabo, ya dubi hoton da na sha wahala a kansa ya ce bai san abin da nake nuna masa ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan da wayoyinku masu faɗin ranar saukar ruwa, ku ɗan saurara.

A lokacin ina mataki na takwas. Shugaban sashenmu ya ba ni aikin zaga ƙauyuka in rubuta yadda tsofaffi ke gane lokacin sharar gona da na binne, wato shuka gero a busasshiyar ƙasa kafin ruwan farko. Ya haɗa ni da kyamarar ofis, wadda aka tanada don ɗaukar hoton fara da tsutsa. Ni kuwa dama ina da wata cuta, ɗaukar hoton taurari. Ina cikin wani zauren waya na masu irin wannan sha'awa, kullum muna musu a kan abu biyu, filta da manhaja. Filta ɗan gilashi ne da ake ɗaurawa a bakin kyamara ya tace haske. Manhaja kuwa ita ce ke cikin kwamfuta, ka ba ta hotuna masu yawa na wuri ɗaya, ta jera su kan juna, ta share datti, ta fito da taurarin da ido ba ya gani. Ina ji da kaina a wannan fanni, ba na ɓoyewa.

Duk wanda na tambaya a Kamarawa sai ya tura ni wurin Baba Nomau. Shi ne mai duban Kaza da 'ya'yanta, taurarin nan da ke cure wuri ɗaya. Ya bayyana mini cewa idan bazara ta kama, bayan sallar isha'i yakan tsaya bakin rumbunsa ya duba yamma. Kullum Kaza tana ƙara sauka. Ranar da ta zauna kan wani gawo da ke bakin gonarsa, sai ya ce wa mutane su gyara kayan aiki. Daga nan takan ɓace kwana arba'in ko fiye, ta sake fitowa ta gabas da asuba, kuma da wannan lissafin yake ba da shawarar binne.

Sai da muka saba sannan ya gaya mini damuwarsa. Hawan jinin ido ya ci ƙarfin ganinsa, likita ya ce abin da ya rage ba zai daɗe ba. Shekara biyu ke nan bai ga Kaza ba, da ƙidayar kwanaki yake amsa wa mutane, abin kuma yana cin ransa. Babban ɗansa Lawali, magidanci mai safarar kaya a babur zuwa Burkusuma, bai taɓa tsayawa ya koya ba. Yanzu da ya so koyo, uban ba ya iya nuna masa. Sai ya miƙa hannu sama, Lawali ya ce wanne daga ciki. Amma tsohon yana iya ganin abu mai haske idan an kawo shi dab da idonsa na dama. Nan na bugi ƙirji na ce ya bar mini wannan.

Muna ƙarshen watan Maris, Kaza ta kusa faɗuwa. Na zaɓi daren da wata ba ya fitowa da wuri, na kwana a garin tunda hanya ba ta biyuwa bayan magariba. Na kafa kyamara kan ƙafa uku, na ɗaura filtar da nake taƙama da ita, mai rage hasken fitilun gari, na jawo Kaza kusa har ta cika gilashi. Hoto sittin na ɗauka. Kwana biyu na yi a Isa ina fama da manhaja, ina jawo duk wani ɗan haske da ya ɓuya. Abin da ya fito ya yi kyau ƙwarai: taurari ba iyaka, kowane kamar tsinin allura, ga wani shuɗin hayaƙi ya lulluɓe su. Na tura zaurenmu aka yi ta jinjina mini, kaina ya ƙara girma.

Ranar Laraba da hantsi na koma. Muka shiga zaure saboda duhu, Lawali ya riƙe kwamfutar kusa da fuskar mahaifinsa. Tsohon ya daɗe yana juya kai, yana bin hoton daga wannan gefe zuwa wancan. Can ya ja baya.

"Malamin gona, wagga ba kazata ta ba," in ji shi. "Ka tara mani ɗiyan duniya dut wuri guda. Ina uwar take? Ina gawona?"

Na shiga yi masa bayani cewa duk waɗannan taurarin gaskiya ne, suna nan, ido ne ba ya kai musu. Ya saurare ni har na gama, sannan ya yi mini godiya, ya ce na yi ƙoƙari, Allah ya yi albarka. Wannan godiyar ta fi zagi yi mini ciwo. Na ga yadda ya dafa gwiwar Lawali ya miƙe, na san ya riga ya cire rai.

A kan hanyar komawa na gane wautata. Na yi hoton ne don mutanen zaurenmu na waya su yaba, ban yi shi don idon da ya kusa rufewa ba. Ido yana gane Kaza ne saboda manyan sun fi ƙananan haske nesa ba kusa ba, ni kuwa na mai da su duk tsara ɗaya. Gawon da ake awo da shi ma na yanke shi, wai yana ɓata hoto. Sai na tuna wata filta da muke yi wa dariya a zaure, mai ɗan dusashe hoto, wadda masu ɗaukar hoton biki ke sa wa don fuskar amarya ta yi laushi. Wani ya taɓa cewa tana kumbura manyan taurari, ni ne ma na fara yi masa ba'a.

Washegari na nemi izinin shugaban sashe in je in aro irin wannan filtar. Ya tambaye ni ko rahoton binne ne zai kai ni ɗakin hoton amare, na ce ranka ya daɗe shi ne. Ya girgiza kai ya sa hannu. Na hau babur zuwa Sabon Birni wurin wani mai hoto da na sani, ya ara mini filtar bayan ya gama tsokanata cewa ashe aure zan ƙara ban gaya masa ba.

Saura kwanaki kaɗan sabon wata ya haske yamma ya dusashe taurari. Don haka a ranar na wuce Kamarawa, bayan isha'i na ce Baba Nomau ya tsaya inda ya saba tsayawa, na kafa kyamara daidai kafaɗarsa, na ɗaura mata filtar da na aro. Na buɗe ta yadda gawo da bakin gona za su shiga. Hoto biyar kawai na ɗauka. A manhaja kuma na yi akasin abin da na saba, maimakon in jawo ƙananan taurari sai na danne su, har sama ta koma yadda mai lafiyar ido ke ganinta. Ban ƙara ko ɗigo ɗaya ba. Nan kan tabarma na gama, cikin ɗan lokaci, kuma da na tura wannan hoton zaurenmu da sun ce na lalace.

Lawali ya kai wa mahaifinsa kwamfutar kusa da ido. Tsohon bai yi minti ɗaya ba ya ɗora yatsa.

"Ga ta," ya ce a hankali. "Saura kamu biyu ta zamna bisa gawo."

Ya shiga ƙidaya da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a ta bakwai. Ya ce wannan ƙaramar rabonsa da ita tun Lawali yana goye. Sannan ya kamo hannun ɗansa ya ɗora kan hoton, ya bi da shi daga gindin gawo zuwa ƙololuwa, daga nan zuwa Kaza, sau uku. Ya ce in rufe kwamfutar. Muka jira idon Lawali ya saba da duhu, ya nemi gawo, ya ɗaga kai kaɗan.

"Baba, na gane ta. Shidda ni ka gani."

"Ta bakwai sai ka yi haƙuri da ita," in ji tsohon. "Kak ka dube ta kai tsaye, dubi gehenta."

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Mu ma'aikatan gona muna zuwa ƙauye da kaya fiye da abin da aka tambaye mu, mu zube wa manomi duk abin da muka sani, in bai gane ba mu ce duhun kai ne. Kafin ka zaɓi filta ko manhaja, ko irin shuka ma, tambayi kanka wa zai duba, kuma daga ina yake tsaye.

Cikin watan Yuni, bayan sallar asuba, Lawali ya kira ni a waya ya ce Kaza ta fito ta gabas. A lokacin Baba Nomau ba ya bambance dare da rana. Na jiyo muryarsa a gefe yana tambayar ɗansa tsayinta daga ƙasa, Lawali ya faɗa masa. Tsohon ya ce lissafin daidai ne, Lawali ya je ya faɗa wa mutane da bakinsa.