Kaset-kaset Ɗin Kawu

Kawuna, yayan Inna, malamin firamare ne a Warra har ya yi ritaya. Tun yana saurayi yake bin tsofaffin da aka taso daga tsibiran da ruwan dam ya cinye, yana naɗar hirarsu a kaset: sunayen garuruwansu na da, wuraren da suke jefa taru, waƙoƙin da suke yi in suna tuƙa kwalekwale. Duk waɗanda ya naɗa sun rasu. Da ya ji na fara koyar da kwamfuta a Yelwa, sai ya kawo mini kaset-kaset ɗin cikin kwalin sabulu, ya ce in juye su kafin su lalace.

Na sayi wata 'yar na'ura mai haɗa rediyo da kwamfuta, na juye fiye da rabi. Da yawansu wannan juyin ne jinsu na ƙarshe, don zaren ya tsufa, yana gama zagayawa sai ya tsinke. Ana cikin haka tsohuwar kwamfutata ta fara ciwo, na kwashe komai na zuba a sabuwa. Sai dai babbar manhajar da ke tafiyar da sabuwar ta ƙi gane 'yar na'urar. Na karanta cewa ana iya raba ma'ajiyar kwamfuta gida biyu, a sa tsohuwar manhaja a ɓangare guda, in an kunna sai a zaɓi wadda ake so. Ban lura ba cewa tsohuwar ake fara sawa. Kuma ban kwafe muryoyin a ko'ina ba, filashina ƙarami ne, na ce ai ba taɓa su zan yi ba.

Wata Asabar da hantsi na yi aikin. Da kwamfutar ta sake tashi, babu zaɓin komai. Tsohuwar manhajar ce ta fito ita kaɗai, wayam. Na kashe na kunna, haka. Na sake, haka. Na nemi ɗayan ɓangaren, na same shi babu suna, ina danna shi sai ta tambaye ni ko tana iya share shi ta shirya shi sabo. Na janye hannuna na ɗora a cinya. Sai a lokacin na tuna wurin da aka ce in zaɓi ɓangaren da za a sa manhajar. Layi biyu ne, girmansu kusan ɗaya, kuma na kasa tuna wanda na danna.

Inna tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta dube ni ta ce, "Ke, lafiya? Mi ya same ki?"

"Inna, ina jin na goge aikin Kawu."

"Duka?"

"Ban sani ba."

Ta ajiye faifan a ƙasa. "Har da hirar Baba?"

Mahaifinsu na cikin waɗanda Kawu ya naɗa, kuma kaset ɗinsa na cikin waɗanda suka tsinke. Ta ce, "Kada ki faɗa mishi tukuna, kin san hawan jininshi."

Ko rufe baki ba ta yi ba wayata ta yi ƙara, Kawu ne. Ya ce ranar Litinin zai shigo Yelwa da wasu dattawa biyu da ke son jin muryar iyayensu. Na ce, "Allah ya kawo ku lafiya, Kawu."

Na naɗe kwamfutar a mayafi na hau kabu-kabu zuwa wurin wani mai gyara kusa da tasha. Duk ramin da muka faɗa sai in ƙara ƙanƙame ta. Mutumin ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Malama, da ta tambaye ki ta share, kin yarda?"

"Wallahi ban yarda ba."

"Kin tabbata?"

Da ya tambaya haka sai na ji ban tabbata ba. Ya soka filashinsa, ya tayar da kwamfutar daga cikinsa. Rubutu ya yi ta wucewa. Ina tsaye, ya nuna mini benci na ƙi zama, ina ta salati a zuci ina shirya yadda zan dubi Kawu. Can ya juyo da ita wajena ya ce, "Waɗannan ne?"

Su ne, a jere yadda na sa musu lamba. Na ce ya buɗe ɗaya. Wani tsoho ya yi gyaran murya, ya fara magana da yaren Gungawa, mutanen tsibiran. Sai a nan na zauna.

Mai gyaran ya ce daidai na zaɓa. Tsohuwar manhajar ce ba ta san akwai wata a ciki ba, sai ta mamaye mashigar ta rubuta sunanta ita kaɗai. Sai da ya kwafe komai a wata ma'ajiya ta daban kafin ya gyara, zaɓin biyu ya fito.

Ranar Litinin, bayan dattawan sun tafi, na faɗa wa Kawu. Ya murza carbinsa. Sannan ya ce, "Ɗiyata, ki yi mani kwafi uku. Ɗaya a kai Warra, ɗaya wurin abokina a Shanga, ɗaya ki riƙe."

Na yi masa a ranar. Ragowar kaset ɗin kuwa, sai da na yi sati uku kafin na iya zama na ci gaba da juye su.